Tsohuwa Ta Kai Ka, Kawu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Kawu Direba, ƙanen mahaifiyata, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. An yi jana'izarsa a ranar, bayan la'asar. Ya bar matarsa Goggo, da 'ya'ya, da jikoki, da wata farar a-kori-kura wadda tun tana sabuwa yake kiran ta Tsohuwa.

Kawu, akwai waɗanda za su yi bayanin ibadarka da zumuncinka, sun kuma fi ni sani. Ni abin da ya haɗa mu inji ne, a kansa zan tsaya.

Shekarar da maigidana ya rasu ya bar ni da yara da ɗakin kaji, ita ce shekarar da idonka ya fara rauni ka ajiye tuƙi. Ƙwai na taruwa, ba mai kai mini shi shaguna. Ka aika aka kira ni, ka ɗora makulli a kan tabarma. Uwata kake ce mini, don sunan mahaifiyarku na ci. Ka ce, "Uwata, ga Tsohuwa nan, amma da sharaɗi biyu. Ba za ki tayar da ita da safe ba sai kin buɗe bonet. Sannan ranar da na mutu, a bayanta za a kai ni, kada a kawo mini mai jiniya." Na ce haba Kawu. Ka ce, "Haba me? An ce miki zan dawwama ne?"

Tuƙi na iya tun da ran maigidana, amma ban taɓa leƙa inji ba. Washegari ka zo da sandarka, ka tsaya ta haguna, ka goya hannuwanka a baya. Haka ka koya mini komai, kuma ban taɓa ganin ka taɓa ko da noti ɗaya ba. In na kasa, sai dai ka yi gyaran murya. Na sha cewa a raina wannan tsoho ƙyuyar ɓata hannu yake yi. Da na faɗa a fili, ka ce ranar da za ta tsaya mini a hanya hannunka ba ya wurin.

Da gejin baƙin mai muka fara. Mota a ƙasa mai daidai, inji a sanyaye, a zaro gejin, a goge da tsumma, a mayar, a sake zarowa, sannan a duba. Na farkon, ka ce, ƙarya yake yi. Daga nan ruwan lagireto, wanda ba a buɗe murfinsa in inji na da zafi. Nan ne kaɗai ka fito da hannu ɗaya, ka nuna mini tabon ƙuna a wuyan hannunka, ka mayar. Fanbel, wato bel ɗin da ke juya fanka, a danna da babban yatsa, in ya lotsa da yawa ya saki. Farin garin da ke taruwa a kan batir a wanke da ruwan ɗumi da tsohon burushin haƙori.

Ranar juyen mai na farko ba zan manta da ita ba. Ina kwance a kan kwali a ƙarƙashin mota, na kwance notin da ke toshe mafitar man, ya suɓuce ya faɗa cikin kwanon da man ke zuba. Na ɗago ina jiran ka ce wani abu. Ka ce, "To, ai ba ƙafa gare shi ba, yana ciki." Na lalubo shi da hannu har gwiwar hannu. Sabuwar filta kuwa ka sa na shafa wa robarta mai da yatsa, na ɗaure ta da hannu kawai, ba da sifana ba. Goggo ta fito ta gan ni baƙi ƙirin ta ce, "Malam, ka mai da 'yar mutane bakanike." Ka ce a'a, mai mota ka mai da ni.

Ba ka da girman kai a kan abin da ya fi ƙarfinmu. In aikin burki ne ko cikin inji, cewa kake a kai gareji, kuma a gaishe da bakanike da kyau. Abu ɗaya ne na san yana ɓata maka rai, wato a watsa wa inji ruwa. Kana cewa inji goge shi ake yi, ba jariri ba ne da za a yi masa wanka.

Ranar da ka rasu na kawo Tsohuwa ƙofar gidanka, na shiga cikin mata. Maƙabarta tana can bayan gari, ba tafiyar ƙafa ba ce, kuma kowa a gidan ya san wasiyyarka. Auta, ɗanka tela, wanda shi ma furfura ta fara fito masa, ya ce ba za a ɗauki Baba a motar da ke ƙarnin ƙwai ba. Ya jawo tiyo ya wanke ta tas, ciki da waje. Don ya cika aikin, ya buɗe bonet ya wanke injin shi ma. Ƙauna ce ta sa shi, ba wanda ya ga laifinsa a kan haka, ni ma ban gani ba.

Aka yi maka salla, aka ɗora makara a baya, Auta ya murɗa makulli. Ta ƙi tashi. Daga cikin gida nake jin ta tana juyi ba ta kamawa. Aka tura ta zuwa bakin titi, aka turo ta baya, shiru. Liman ya ce ba a jinkirta gawa. Wani maƙwabci ya tafi ɗauko bas ɗinsa. Yaya Babba, babban ɗanka, ya aiko a kira ni, ya ce cikin sanyin murya, "Ƙanwata, in bas ta iso za mu sauya. Ki gwada kafin nan."

Na fita da mayafina, maza suka buɗa mini hanya. Na ɗaga bonet, sai na waiga hagu. Ba da niyya ba, jiki ne ya saba. A nan ne na gane ka mutu, ba lokacin da aka faɗa mini ba, kuma ya yi mini ciwo ƙwarai.

Na bi yadda ka tsara mini. Tana juyi, batir lafiya ke nan. Mai na sha da safe. Saura wuta. Na ɓalle maƙalan nan biyu na murfin distirbuta, inda wayoyin fulogi ke haɗuwa, na tarar da ɗigon ruwa a ciki. Tsummana ya jiƙe a wankin, sai na goge da gefen mayafina. Wani dattijo ya miƙo hannu zai zare wayoyin duka don a yi sauri, na ce, "Baba, a yi haƙuri, ɗaya bayan ɗaya, kada su rikice." Kowace na zare, na busar da bakinta, na mayar inda take. Ina kan ta ƙarshe na ji hon ɗin bas a kwana.

Na ce wa Auta ya murɗa. Ta yi tari, ta yi shiru. Na ce ya sake, kada ya taka totur. Ta yi tari biyu, ta girgiza, ta kama. Wani ya yi kabbara a hankali. Na rufe bonet na ce wa Auta giya ta biyu ba ta son gaggawa. Suka tafi da kai, bas na bin su ɗauke da jama'a. Na tsaya a ƙofar gida ina sauraren injin har ya ɓace. Ba ta yi gardama ba ko sau ɗaya, har suka kai ka suka dawo.

Mayafin har yau da tabon baƙin mai a gefensa. Goggo ta ce in kawo ta wanke mini, na ce ta bari tukuna.

Da aka ɗan watse daga zaman makoki, Auta ya zo gidana da safe, ya same ni zan fita da ƙwai. Ya daɗe yana gaisuwa kafin ya ce, "Yaya, shekara da shekaru Baba na kira na in zo in koya, ina cewa sai na gama ɗinki. Ko za ki nuna mini?" Na ce ya buɗe bonet. Ya zaro geji ya duba, ya ce mai ya cika. Na ce na farkon ƙarya yake yi, goge ka mayar. Sai da ya sunkuya karo na biyu na lura ina tsaye ta hagunsa, hannuwana a goye a baya.

Allah Ya jiƙan ka, Kawu, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa abin da ka koyar ya zame maka sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyyata ga Goggo, da Yaya Babba, da Auta, da sauran 'ya'ya da jikoki, da mahaifiyata da ta rasa ƙanenta, da tsofaffin direbobin da suka zo a kan sanduna don su raka ka. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen in ya zo. Sharaɗinka na biyu an cika shi, Kawu. Na farkon kuma ina nan a kansa kowace safiya.