Kaskon Karen Gidanmu

Ina aji ɗaya a ƙaramar sakandare shekarar da karen gidanmu ya yi ta amai. A Toranke muke, kuma gidanmu ne na ƙarshe kafin a shiga gonaki, shi ya sa Baba ya ajiye kare. Ja ne, siriri, kunnensa na hagu a karye. Aikinsa ya kori awakin maƙwabta daga shanyar gyaɗa, ya yi haushi idan baƙo ya doshi turken tumaki. Ba ya shiga tsakar gida. Iyakarsa bayan rumbu, inda aka ajiye masa wani tsohon kasko a gindin darbejiya.

Ni ma bayan rumbun nan ne wurin zamana. Ba ni da yawan magana, kuma a can babu mai aikena. Idan na dawo daga makaranta sai in ɗauki littafin haddata in zauna a kan wani turmi da ya tsage, shi kuma ya kwanta ɗan nesa da ni, ya ɗora haɓarsa a kan ƙafafunsa. Ban taɓa shafa shi ba, don an hana mu. Amma na san yadda yake ɗaga lafiyayyen kunnen idan ya ji tafiyar Baba, na kuma san ba ya motsawa idan Gwaggo ce.

Gwaggo yayar Baba ce. Bayan rasuwar mijinta ta dawo gidanmu da turminta da tukunyar suyarta, ta ci gaba da sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka “uwata” take kirana. Mace ce marar gaggawa. Idan manta ya yi ɗaci ba ta zargin kowa. Sai ta sake gyaɗa kawai ta gani, idan bai gyaru ba ta sake itace, idan bai gyaru ba ta sake mai niƙa, abu ɗaya bayan ɗaya har ta kamo inda ɓarnar take.

Aman ya fara ne bayan an gama cirar gyaɗa. Da farko a bayan rumbu yake yi, babu wanda ya damu. Daga baya ya yi a gefen shanya, Umma ta zubar da kusan rabin kwanon gyaɗa. Kawu, ƙanin Umma, ya ce a jiƙa masa kanwa. Wata maƙwabciya ta ce guba ya ci a gonar wani. Aka ba shi kanwar, ya amayar da ita. Ranar da abin ya ƙure, Baba ne ya yi alwalar azahar, ya fito zaure ba takalmi, ya taka aman.

Bai yi faɗa ba. Ya dawo ya wanke ƙafarsa, ya yi sallarsa, sannan ya tsaya a tsakar gida ya ce akwai mutumin nan mai keji a bayan babur, mai karɓar karnuka ranar kasuwar Ajingi. Zai aika masa ya biyo ta gidanmu idan kasuwa ta tashi. Duk yaran garinmu sun san karen da ya shiga kejin nan ba ya dawowa.

Gwaggo tana fifita gyaɗa, ba ta ɗago ba. Ta ce, “Kwana nawa ya rage kasuwar?”

“Shida, Yaya.”

“To ka bar mini shi kwana shidan.”

“Yanzu kuma likitar karnuka kika zama?”

“Kai ma ai na yi jinyarka kana amai, ban ba mai keji ba.”

Umma ta juya baya tana dariya. Baba ya ce ya ji, amma saƙon da zai aika sai ya aika.

Da la'asar Gwaggo ta same ni a bayan rumbu. Ta jawo wani bulo ta zauna, ta ce, “Uwata, ke ce mai gadin wurin nan. Yaushe yake yi?”

Ban saba a tambaye ni abu ba. Na sunkuyar da kai na ce idan ya ci abinci ne, ba a jimawa.

“Sau nawa ake ba shi?”

“Sau ɗaya, idan an kankare tukunya.”

“Yana taunawa?”

“Haɗiya yake yi. Kafin Umma ta juya ya gama.”

Ta juya tana kallon karen. Can na ƙara da cewa kaskon yana wari. Ban san me ya sa na faɗa ba, don kowa ya san kaskon kare ba ya ƙamshi.

Gwaggo ta tashi ta je ta durƙusa a gaban kaskon. Ni kaina ban taɓa matsawa kusa haka ba. A gidanmu, kamar sauran gidajen garin, babu mai taɓa abin da kare ya lasa. Mai kai masa abinci daga tsaye yake juyewa, ya ɗaga kwanon sama don kada ya gogi kaskon. Ruwa ma haka, daga buta ake tsiyaya masa a kan ragowar jiya. Tun ranar da aka ajiye kaskon nan, fiye da shekara, ba a taɓa wanke shi ba, kuma babu wanda ya taɓa tunanin cewa abu ne da ake wankewa. Gwaggo ta sa tsinke ta ɓanɓaro ƙasansa. Wani dunƙule ne mai kauri, samansa baƙi, cikinsa kore da fumfuna, yana naso da maiƙo.

Ta daɗe tana duban maiƙon a bakin tsinken. Sannan ta ce, “Wannan aikina ne.”

Ashe tun da aka shiga sabuwar gyaɗa, duk ranar da ta yi suya sai ta zuba masa guggubin mai da ƙonannen ƙuli na ƙasan tukunya, don ta ga ya rame. Ta ce, “Na ɗauka gata nake yi masa. Ko mutum aka ɗura wa wannan da barkono a kan ruɓaɓɓen tuwo, ai sai ya dawo da shi.” Da muka shiga gida ta maimaita wa Baba da Umma haka, ba ta rage komai ba.

Ta ɗebi toka da yashi da tsohon soso, ta naɗe hannun rigarta, ta koma. Umma ta biyo ta har bakin rumbu.

“Yaya, da hannunki? Hannun da kike murza ƙuli?”

“Hannu ai ruwa yana wanke shi. Kawo mini bokiti.”

Ta kankare kaskon nan, ta dirje shi, ta ɗauraye har sau bakwai, ta kife shi a rana. Ta wanke hannuwanta da ƙasa, ta sake wankewa da sabulu har gwiwar hannu. Umma ta tsaya tana ƙirgawa da leɓɓanta, na gani.

Ranar ba a ba karen abinci ba, sai ruwa kaɗan kaɗan. Ya yi laushi ƙwarai, ya kwanta a inda rana take dukansa. Gwaggo ta shimfiɗa tsohon buhu, ta mirgina shi a kai, ta cicciɓe shi zuwa inuwa. Bai ko yi gurnani ba.

Washegari ta dama masa koko marar tsami, ba sukari, rabin ludayi. Da ya zauna a cikinsa, da rana ta ƙara masa. Rana ta uku ta soma ba shi tuwon dawa zalla, ba miya, ba yaji, ba mai, loma uku da safe, uku da rana, uku da yamma. Ta sa wani dutse mai santsi a tsakiyar kaskon don dole ya riƙa kewaye shi da harshe maimakon ya haɗiye gaba ɗaya. Ta hana a jefa masa ƙashi. Kowace safiya kuma takan share bayan rumbu tas, ta watsa sabon yashi, don duk abin da ya fito daga cikinsa a gan shi, a san lokacinsa. Ni ce mai dubawa idan na dawo daga makaranta.

Kwana uku yashin nan yana nan fari. Ana gobe kasuwa na dawo na tarar ya yi, ɗan kaɗan, ruwa ruwa. Na yi tunanin in tura yashi da ƙafa in rufe, har na ɗaga ƙafar. Sai na ga wani abu fari, dogo kamar taliya, yana motsi a ciki. Na je na kira Gwaggo.

Ta duba da tsinke, ta ce, “Alhamdu lillahi. Gara da ya nuna kansa. Wannan kuma ya fi ƙarfin toka da yashi.”

Da ta gaya wa Baba, ya ce, “Kin gani ko, Yaya? Ciwon a cikinsa yake.”

“A cikinsa yake, kuma yana da magani. Tumakinka ba ka ba su na tsutsa?”

“Tumaki daban.”

“Cikin dai iri ɗaya ne.”

Da safe muka hau mota zuwa Ajingi, ni da ita, ina ɗauke da roba cike da ƙuli. Ta ajiye kayan wurin ƙawarta mai saida mai, ta ja ni zuwa kusa da karar dabbobi, inda wani malamin dabbobi yake zama da akwatin magunguna. Maza ne cike a wurin, kowa da maganar saniya ko rago. Ta jira har aka zo kanta, ta gaishe shi, ta ce kare ne. Wani dattijo a gefe ya ce, “Hajiya, kare kuma?” Ta ce, “Shi yake tsare mana ragunan.” Dattijon ya gyara zama.

Malamin ya yi ta tambaya, tana amsawa dalla-dalla: yaushe ya fara, me yake ci, ko akwai jini a aman, ko yana shan ruwa. Ya ce da akwai jini, ko ya ƙi ruwa, ko cikinsa ya kumbura, da sai an kawo shi da gaggawa. Ya ce abin da ta yi daidai ne, saura tsutsar. Sai ya tambayi nauyinsa, don da nauyi ake auna ƙwayar.

Gwaggo ta ɗan lumshe ido, ta miƙa hannuwanta biyu kamar tana riƙe da buhun nan. Ta ce, “Tiya shida ta ɓararriyar gyaɗa. Da buhun.”

Malamin ya yi dariya har ya dafa akwatinsa, ya yi ɗan lissafi a bayan takarda, ya ce sikelinta ya ishe shi. Ya ba ta ƙwayar, ya ce ta maimaita bayan mako biyu.

Kafin la'asar mun dawo. Ta cusa ƙwayar a cikin lomar tuwo, ya haɗiye. Muka zauna muna jira, ita a kan bulo, ni a kan turmi. Ya sha ruwa, ya yi miƙa, ya tafi ya kori wata akuya daga shanya, ya dawo ya kwanta.

Rana ta yi sanyi muka ji tsayuwar babur a ƙofar gida, da sallama. Baba bai fita nan take ba. Ya zagayo bayan rumbu, hannayensa a baya. Ya dubi yashin daga wannan gefe zuwa wancan. Babu komai a kai sai sawun kare da na kaji. Ya dubi kaskon, ya dubi Gwaggo.

“Idan ya sake fa, Yaya?”

“Idan ya sake, sai mu sake dubawa.”

Aka ƙara yin sallama daga waje. Baba ya amsa, ya nufi zaure. Na lallaɓa na tsaya a jikin katanga inda ake jin maganar ƙofar gida. Suka gaisa, suka tambayi kasuwa. Mutumin ya ce ina karen.

Baba ya ce, “Ka yi haƙuri, na sa ka ratse a banza. Yana shan magani.”