Rabin Kalmar da Malam Attahiru Ya Ajiye Mini

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da muka kai Malam Attahiru makwancinsa a Kalgo. Duk shekara nakan sa a yi masa sauka, in aika wa iyalinsa hatsi, in yi shiru. Bana na ga shirun ya isa, domin akwai wani abu tsakanina da shi wanda ko 'ya'yana ba su sani ba.

Na san shi kafin a ba mu mulkin kai, cikin shekarun hamsin. Lokacin ina saurayi mai jaki uku, ina bin ƙauyukan Gwandu, musamman Dodoru, in sayi auduga hannun manoma in kai kasuwar awo a Kalgo. Shi kuwa tafinta ne ga Baturen kamfani mai duba auduga. Dogo ne siriri, ba ya gaggawar magana, kullum da wani tsohon ƙamus a aljihun rigarsa wanda bangonsa ya cire.

Dokar kasuwar a fili take. Audugar da ke da ganye ko ƙasa, a mayar maka ka tsince ka dawo. Wanda aka kama da algus kuwa, a kira sunansa gaban jama'a, a hana shi rumfar awo. Ɗan kasuwan da aka kira sunansa haka ya gama, domin kafin ya isa gida labari ya riga shi, ba manomin da zai ƙara ba shi kaya.

Na san wannan sarai. Duk da haka, wata safiya da muka tsaya shayar da jakai a bakin tafki kafin shiga gari, na kwance buhuna na yayyafa wa tsakiyarsu ruwa don su ƙara nauyi. Ba yunwa ta sa ni ba. Na ga wasu suna yi suna wucewa, na ce ni ma ba wawa ba ne.

Audugata ta fi ta kowa fari a ranar. Bature ya zura hannu har gwiwar hannu cikin buhun farko, ya daɗe bai fitar ba. Da ya fitar sai ya dube ni ya ce, "Datti." Wannan kowa ya ji, ba sai da tafinta ba. Mutane suka yi dariya, wani tsoho daga Diggi ya ce in wannan ce mai datti, to tasa sai a kai juji. Bature ya ci gaba da magana mai tsawo, fuskarsa ta yi ja.

Na ce, "Malam, mi ya ce?"

Malam Attahiru ya ce, "Ka ji da kunnenka. Ya ce datti. Kwashe kayanka ka je ka shanya su, ka dawo kasuwa mai zuwa."

Bature ya juya ya tambaye shi wani abu, ya amsa a taƙaice. Daga baya na ji tambayar ita ce ko ya faɗa mini abin da aka ce. Amsarsa kuwa: ya maimaita mini kalmar yadda ta fito, bai canza ta ba.

Bayan la'asar Malam Attahiru ya same ni gindin tsamiya ina baza auduga a tabarma. Ya zauna, ya ɗauki ɗan curi ya matse, ya shafa danshin a bayan hannuna. Sannan ya ce kalmar nan datti ba tamu ba ce, aro muka yi wurin Turawa, mu da muke da ƙazanta da dauɗa tun kakanni. Amma rabi muka aro. A wurinsu tsumma yana da datti, ruwan kwata yana da datti, haka nan mai batsa bakinsa datti ne, wanda ya harare ka kallonsa datti ne. Ɗan kokawar da ya watsa wa abokin karawarsa ƙasa a ido ma, ko yanzu ya fito daga wanka, wasansa datti ne.

Ya ce, "Sambo, ba auduga Bature ke nufi ba, kai yake nufi. Ban yi ƙarya ba, kalmar baki biyu gare ta. Na ba jama'a ɗaya, na ajiye maka ɗaya. In ka sake, duka biyun zan ba su."

Da Baturen nan ya ƙara jin Hausa kaɗan, da aikin Malam ya tafi a ranar, ga shi da mata da 'ya'ya huɗu. Na taɓa tambayarsa dalilin da ya yi wannan kasada a kan wanda bai haɗa komai da shi ba. Ya ce jakaina ya duba, ya ga ba mai gyambo a baya, ya ce mai kula da jaki haka bai gama lalacewa ba.

Ban sake ba. Ba zan ce tsoron Allah kaɗai ya hana ni ba, har da tsoron rabin kalmar nan. Daga jaki uku na kai ga mota, daga auduga na koma shinkafa da fata, kuma duk abin da na samu a kan suna na same shi. Manoman Dodoru sun ba ni kaya, 'ya'yansu sun ba ni, yanzu jikokinsu ke ba ɗana. Malam ya zama aminina, shi ya yi wa babbar 'yata walicci, kuma har ya rasu bai ƙara tayar da maganar ba, ko da wasa.

Nakan yi tunanin me zai ce da zamanin nan. Ina jin zai yi dariya, domin rabin da ya ce mun bari wurin Turawa ya iso. Jikana yana sauraron ƙwallo a rediyo yana cewa wane wasan datti yake yi. A majalisa kullum sai an ce siyasa ta yi datti, kuma ba wanda ke nufin rigar ɗan takara. Abin da ba zai so ba shi ne yadda muke jifan juna da kalmar daga nesa. Shi sai da ya zauna a tabarmata ya faɗa mini, inda ba mai ji.

Bai bar gida mai bene ba. Ƙamus ɗin yana wurin ɗansa, an ɗaure shi da zare. Abin da ya bari a wurina shi ne wannan suna da ake gaishe ni da shi a kasuwar Gwandu, wanda shi ya tsare mini tun ban cancance shi ba. Na tsufa, ba ni da rumfar da za a hana ni, kuma bai kamata a ci gaba da yaba mini da abin da yake nasa ba. Saboda haka ga rabin da ya ajiye, na ba jama'a da kaina: audugar nan jiƙa ta na yi.

Allah ya jiƙan Malam Attahiru, ya rufa masa asiri yadda ya rufa mini.