Garin Maganin Wanzam Ishaku

Shekara talatin Wanzam Ishaku yana aski a gindin darbejiya, bakin kasuwar Maigatari. Maza kan faɗa masa abin da ba sa faɗa a gida, don mai aski a bayanka yake, ba ka ganin idonsa.

Wata Alhamis Abduljabbar, direban motar Gumel, ya zauna ya rage murya.

"Baba, a ƙara min garin maganin nan. Ƙurajen gabana sun dawo, karo na uku."

"Yaya suke farawa?"

"Ƙaiƙayi da zafi-zafi. Sai ƙananan ƙuraje masu ruwa su fito, su fashe. Fitsari ma raɗaɗi. In na shafa garinka, kwana goma sun bushe."

Ishaku ya ajiye aska. "Ɗana, da na tambaye ka tun farko, da ban ba ka ba. Ko ba garina za su bushe. Ciwon nan kwanciya yake yi ya sake tashi, kuma ta saduwa ake ɗaukarsa. Ya jikin maiɗakinka?"

"Rayhana? Cikinta wata takwas."

"In ya kama ta yanzu, yana iya taɓa jaririn wajen haihuwa. Ka ƙaurace wa shimfiɗarta, gobe ku je asibiti tare, tun ba su bushe ba."

"Me zan ce mata, Baba?"

"Abin da ka faɗa min. Amma ita, ka kalli idonta."

Washegari motar Abduljabbar ta kama hanyar asibiti a hankali, ba fasinja, sai Rayhana a gidan gaba.