Na Ce Mata Babu Ja

Da za a ba ni damar janye magana ɗaya daga cikin waɗanda bakina ya furta, da na janye wadda na faɗa wa ɗiyar abokina a gaban taron masu lambu. Na ce aikinta ha'inci ne. A lokacin ban san ƙarya nake yi ba. Da na sani kuma sai na yi shiru, shirun nan ne ya fi ci mini rai.

Ni ne sakataren ƙungiyarmu ta masu lambu a bakin tabkin Madarumfa. Karatuna bai wuce sartifikar firamare ba, amma ina iya rubuta suna da faransanci, sai aka ɗora ni a kan odinater, wato kwamfuta. Ita kuwa, ɗiyar wani abokina ce ɗan coci a Maradi, ta yi karatun na'ura. Ita ta gina mana shafin intanet da nake shigar da sunan duk mai son irin albasa da tumatir. Wanda sunansa bai fito a jerin ba, ba shi da rabo.

Da yake ba kullum take zuwa ba, sai ta saka mini wani kayan aiki a manhajar da nake buɗe shafin da ita, irin wanda masu sana'arsu ke gano kuskure da shi. In na danna maɓalli ɗaya, wata taga ta buɗe a ƙasa. In wani abu ya lalace, jan rubutu ya fito. Duk Litinin sai ta kira ni.

"Baba, akwai ja?"

In akwai, in karanta mata harafi-harafi, tana dariya.

"Baba, turancin nan naka ko masu shi ba za su gane ba."

"Ke dai gyara, ɗiyata. Ba tafinta aka ɗauke ni ba."

Wata safiya manhajar ta sabunta kanta. Ƴar alamar kayan aikin, da take da launi, ta koma toka-toka. Taga tana buɗewa kamar kullum, amma fayau. Ashe masu yin abin sun yanke shawara cewa daga yanzu ba zai riƙa aiki da kansa ba, sai ka tashe shi a kowane shafi, ka kuma sake loda shafin. Wa suka tambaya? Mutum yana zaune a wata ƙasa, rezon intanet bai taɓa yanke masa ba, ya juya abu ɗaya da yatsa, ya tafi cin abinci. Taga mai barci da taga mai lafiya kamarsu ɗaya. Ko layi guda ba su sa a cikinta ba da zai ce mini ba ta aiki.

Amma na ga tokar nan. Na gan ta da idona. Ban tambaya ba, don sau uku yarinyar ta koya mini abin, ina jin nauyin a ce mai furfura ya koma neman bayani na huɗu wajen wadda aka raɗa wa suna a gabansa. Litinin uku tana kira, ina cewa, "Babu ja."

A makonnin nan ne shafin ya daina ajiye sunaye. Duk mutanen ƙauyukan Safo da Gabi da na shigar, ba ko ɗaya da ya zauna. Ranar rabo suka iso da amalanken jakuna, aka karanta jeri, aka gama, suna tsaye. Wani dattijo daga Safo ya ce, "Malam sakatare, a gabana ka rubuta ni. Ko na'urarka ba ta son mutanen ƙauye ne?" Idanu suka dawo kaina. Sai na nuna yarinyar, da ita ma ta zo rabon, na faɗi abin da na faɗa.

Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Baba, sau uku na tambaye ka." A ranar shugabanni suka karɓe aikin daga hannunta.

Bayan kwana biyu ta zo biro, wato ofishinmu, ta miƙa lambobin sirri. Mu biyu ne kawai. Idonta ya faɗa kan alamar, ta danna ta, ta sake loda shafin. Ja ya zubo har ya cika taga. Ta daɗe tana kallo, sannan ta buɗe mini dandalin da masu amfani da abin ke rubuta koke, tana fassara mini. Ashe ba ni kaɗai ba ne. Masu digiri ma sun yi kwanaki suna neman kuskure a tagar da ba ta farka ba, suna ta zagi, wasu na cewa a mayar musu da na da. Masu abin suka amsa cewa a da yana sa manhaja nauyi, yanzu ta fi sauri. Sauri zuwa ina? Albasar Safo ta wuce lokacin dashe.

Ta ce, "Ba kai kaɗai ke da laifi ba, Baba. Amma ka faɗa wa ƴan ƙungiya gaskiya."

Na ce to. Ban faɗa ba. Na riƙe fushina a kan mutanen da ban san fuskarsu ba, don ya fi sauƙin riƙewa. Mahaifinta, wanda duk Lahadi bayan coci yake hawo babur mu ci soyayyen kifi a bakin ruwa, ya daina zuwa. Sai bayan damina biyu na tashi a taro na faɗi gaskiya. Lokacin ta riga ta koma Yamai, don a Maradi labari ya bazu cewa shafinta yana cinye sunaye. Na aika mata da saƙo, ta amsa da cewa ta yafe. Aikin dai bai dawo mata ba.

Har yau ina jin haushin masu canza wa mutane kayan aiki ba sallama, kuma ba na jin zan huce. Amma ba su suka nuna ta da yatsa ba. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, in ka ga abu ya canza launi a gabanka, ka tambaya, ko da wanda za ka tambaya jikanka ne. In kuma ka ɗora wa wani laifi a gaban jama'a, ka gane ba nasa ba ne, kada ka jira damina biyu kamar ni.