Ban Haƙurin da Kawu Ya Yi Mini

Ranar da shugaban sashenmu ya ce kwaleji ta dakatar da ni shekara guda saboda faɗuwa jarrabawa, sai da na dafa bango. Na san makina sun yi ƙasa, amma ban zaci abin ya kai nan ba. Da ya ga yadda na yi, sai ya ce akwai kwamitin ɗaukaka ƙara, in je in faɗi uzurina.

Uzuri kam ina da shi. Tun farkon zangon ciwon suga ya buɗe wa Baba gyambo a ƙafa. Ni ne ɗan fari, don haka ni ke kai shi asibiti wankin ciwo, daga nan in wuce kasuwa in buɗe masa shagon yadi. Aji sai wanda na tsinta.

Kuskurena ɗaya, na faɗi maganar kwamitin a gida. Nan da nan ta isa kunnen Kawu, kamar yadda muke kiran yayan Baba, mutumin da duk rigimar da ta tashi a unguwarmu ta Wambai shi ake kira sulhu, kuma yana ji da kansa a kan haka.

"Yaro ya je gaban manya shi kaɗai? Mun mutu ne?" in ji shi. "Ban haƙuri za mu je."

Haka muka shiga ofishin mu uku, Kawu cikin babbar riga har da turare, Baba yana ɗingishi, ya ja wando ya rufe bandejin. Shugabar kwamitin 'yar kudu ce, ta ji Hausa sosai. Ta ba su kujeru, ni kuwa na durƙusa a gefe kamar yadda Kawu ya umarta.

Ta dube ni ta ce, "Oya, muna jin ka. Me ya faru?"

Kafin in buɗe baki Kawu ya yi gyaran murya.

"Ranki ya daɗe, ba mu zo jayayya ba. Yaron nan shashasha ne, mun sani. Ba ya jin magana, wasa ya yi masa yawa. Duk abin da kuka ce ya yi, ya yi, har da ƙari. A dubi furfurarmu a yi haƙuri."

Na san salon, haka ake roƙo a unguwa: ka zubar da naka ƙasa warwas, mai hukunci ya ji nauyi ya ɗaga shi. Amma matar nan rubutawa take yi. Ina kallon biro yana tafiya, Kawu yana ƙara mini laifin da ko a mafarki ban yi ba.

Ta juya wurin Baba. "Kai ne mahaifinsa? Haka ne?"

Baba ya sunkuyar da kai. Mutumin da ko sunana bai taɓa kira ba saboda kunyar ɗan fari, yaya zai yabe ni a gaban yayansa? Ya ce, "Abin da Yaya ya faɗa."

Ta sake tambayata, a hankali wannan karon, ko akwai rashin lafiya ko wata matsala a gida. Maganar ta zo mini har maƙogwaro. Amma in faɗa, na ƙaryata Kawu, na kuma tona ciwon da Baba ya rufe da wando. Na ce babu.

Ba su daɗe ba suka tabbatar da hukuncin. Kawu ya fito yana mamaki, wai mutanen boko ba su san girma ba, ya hau acaɓa ya tafi abinsa.

Ni da Baba muka shiga keke. Muka wuce kasuwa, muka wuce shagon a rufe. Sai na ga ya ɗan ja wandon sama, yana kallon bandejin da ya fara jiƙewa.

"Kai," ya ce, bai dube ni ba. "Me ya hana ka faɗa mata? Ni ina can ina jira ka faɗa."