Yadda Na Karya Baffa Buba da Labarin Kasuwa

Ni yaron mota ne a da, a hanyar Tudun Wada zuwa Kano, zamanin mulkin soja. Lokacin babu waya a ƙauye. Manomin da ke son sanin kuɗin masara a birni, mu yake jira a Kwanar Dangora. Da na diro sai a kewaye ni ana "Yaya kasuwa?" Abin da na faɗa, da shi mutum zai sayar ko ya ajiye.

Wata rana wani dillalin hatsi ya ja ni gefe. Ya ce, "In sun tambaya, ka ce masara ta faɗi." Ya cusa min ɗan abu a aljihu. Na faɗa, suka sayar masa da araha. Ba wanda ya gane, sai abin ya zama sana'ata.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne Baffa Buba, wani Bafillatani na Burumburum, abokin mahaifina. Dillalin nan yana da waken soya jibge da ya rasa mai saye. Na je har ruga na ce wa Baffa wani kamfani a Kano na neman wake ido rufe, kuɗinsa zai ninka.

Ya ce, "Ɗana, da idonka ka gani?"

Na ce, "Da idona, Baffa."

Ya sayar da shanunsa, ya kwashe waken, ya yi lodi sai Kano. Babu kamfani, waken ma rabi ya ruɓe. 'Ya'yansa suka kai ƙara. Dillali ya gudu, ni alƙali ya tura ni gidan yari.

Da na fito na neme shi. Na tarar yana kiwon shanun wani. Na durƙusa a gabansa.

Ya ce, "Tashi, na yafe. Ni ma da sakacina. Na sayar da garke a kan bakin mutum ɗaya, ko ɗana ban tura ya dubo ba."

Na tuba, yanzu noma nake yi. Shi kuwa har ya rasu bai sake mallakar saniya ba.

Samari, kafin ku zuba dukiya a kan labari, ku tambayi wa ya gani, kuma me zai samu in kun yarda. Ku ji daga wani bakin. In kuma ku aka tambaya, ku faɗi gaskiya, ko ku ce ba ku sani ba.