Kwamfutar da Malam Habu Bai Taɓa Kashewa Ba

Ku da kuka fara aiki kwanan nan, akwai ranar da har yau ba ta bar raina ba: ranar da aka tura ni wani ƙauye a bayan Gezawa, a shekarar da tsadar mai ta mayar da kowa tafiyar ƙasa.

Kamfaninmu ya samu aikin rajistar manoma don rabon taki. Ni na rubuta direban kyamarar da ke ɗaukar hotonsu, wato 'yar manhajar da ke zaune cikin kanel, can ƙuryar tsarin kwamfuta, tana haɗa kyamara da sauran aiki. Duk hoton da za a ɗauka, sai direban ya nemi memori, wato filin aiki a ƙwaƙwalwar kwamfuta, mai yawa, kuma a dunƙule wuri guda. Wata guda muka yi muna gwada shi a ofis, ko tari bai yi ba.

A ƙauyen kuwa sai ya fara cijewa. Manoma su baro gona su yi layi a rana, a ce su dawo gobe, ga damina ta kankama. Oga ya ce ai ma'aikacin wurin ne bai iya ba, wani tsohon malamin firamare, Malam Habu. Ya ba shi mako ɗaya, ko ta gyaru ko ya tafi. Sai a rana ta biyar aka samu kuɗin motar da za a tura ni.

Na isa a galabaice. Malam Habu ya tare ni da ruwa, ya ce, "Injiniya, wallahi ina kula da kwamfutar nan. Tunda aka kafa mana sola ban bari ta mutu ba, ko sau ɗaya."

Nan take na gane matsalar. Mu a ofis wuni ake yi ana ɗauke wuta, janareta ba mai, kwamfuta ta mutu ta tashi da memori sabo fil. Tasa kuwa ta yi makonni a kunne, memorin ya rarrabu kamar gonar gado: fili yana nan, amma guntu-guntu, babu babba wuri guda. Kanel ya duba ya rasa, ya hana. Ni kuma ko tanadin abin da za a yi idan an hana ban yi ba.

Na ce ya riƙa kashe ta yana kunnawa kowace safiya. Ya dube ni. "Shi ke nan? Ni da nake hana kowa taɓa ta?"

Cikin kunya na ja kujera na zauna gaban kwamfutar.

Kwana uku na yi ina gyara, na sa direban ya riƙa karɓar memori ƙanana-ƙanana yana harhaɗawa. Na je na gaya wa oga laifina ne. Ya ce, "To, Allah ya kiyaye gaba. Amma takardar korar Malam Habu ta riga ta fita, an ba wani wurin."

Na gaji da wannan labari, amma ku ji shi. Ku gwada aikinku a inda za a yi amfani da shi, ba a inda kuke zaune ba. A sana'ar nan, mai kuskure yana ofis, wanda ake kora yana ƙauye. Ni har ƙarin girma na samu a shekarar. Malam Habu kuwa a layin taki na ƙara ganinsa, kuma shi ya fara gaishe ni.